Rigar Kakar Madam Fumiko

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a wannan fuwaye, wadda na kasa mantawa ita ce wata Alhamis ta lokacin kaka, shekarar da aka turo mana baƙuwa daga Japan. Wasunku sun ji ƙishin-ƙishin ɗin labarin, kowa da yadda aka ba shi. Gara ku ji daga bakina, tunda ni aka tsayar a gaban matar.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu na lokacin ba, fuwaye gida ne na koya wa mata sana'a, a nan bakin Birni. Ɗalibanmu matan aure ne da zawarawa da ƴanmatan da suka bar lekol, wato makarantar boko. Shekara biyu suke yi, a ba su sertifika. A sama akwai direkta, wanda ke riƙe da biro, wato ofis, da duk hulɗa da hukuma. A ƙarƙashinsa sai ni, shugabar ataliye, wato ɗakin aiki, da malamai biyu, ɗaya ta ɗinki ɗaya ta rini. Sai gardinmu, Baba Ari, dattijon da ya riga mu duka zuwa gidan. Akwai wata al'ada da muka tarar: duk ƙyallen da ya faɗi ƙasa a wurin yanka, a share a zuba a buhu, in ya cika Baba Ari ya ɗauka ya ba wanda ya ga dama. Ba wanda ya taɓa tambayarsa inda yake kai su.

Baƙuwar, Madam Fumiko sunanta. Wani shiri na haɗin gwiwa ne ya kawo ta, ta yi ƴan makonni tana koya mana irin rininsu na baba da ɗinkinsu na hannu. Mace ce ƴar ƙarama, kanta duk furfura, ta haura sittin. Abin da na fara gani a jikinta farcenta ne, shuɗi har cikin nama, irin na marinan da nake gani ina yarinya. Faransancinta da girma ta koya, a hankali take yinsa, tana lalubo kalmomi. Da yake ni ce mai ɗan sakin baki a Faransanci, aka ce ni zan riƙa yi mata tafinta.

Da safiyar Alhamis ɗin, kafin ɗalibai su iso, ta zo ataliye da akwatinta don ta jera kayan aiki. Ta fito da allurai dogaye, da farin zare mai kauri, da ƙunshin busasshen ganye mai warin taki, wanda ta ce shi ne irin nasu baban rinin, sai an ruɓar da shi wata da watanni kafin ya ba da launi. Daga ƙarshe ta ɗauko wani ɗauri, ta kwance shi a kan tabur da hannu biyu, a hankali, kamar mai buɗe jariri.

Riga ce gajera, buɗaɗɗiyar gaba, irin ta aikin gona. Amma ba za ka iya cewa ga asalin yadinta ba, don maho ne a kan maho. Duk shuɗi ne, wani ya koɗe kamar sararin sama, wani ya yi duhu har ya kusa baƙi. An bi ko'ina da ƙananan ɗinki na farin zare, layi bayan layi, kamar an jera ƙwayoyin shinkafa. Ta ce irin wannan tufa sunanta boro, ɗinkin kuma sashiko. Mutanenta manoma ne a arewacin ƙasarsu, inda sanyi ke kisa kuma auduga ba ta yi. Ƙyalle kowane iri abin tattali ne a wurinsu, in riga ta huje a ɗora mata wani, a bi da ɗinki don ta yi kauri ta tare iska. Wannan rigar kakarta ta gada daga uwar mijinta, kowace mace a gidan ta ƙara nata.

Sai ta juya bayan rigar, ta ɗora yatsa a kan wani maho da ke tsakanin kafaɗu.

"Wannan daga majanyin da mahaifiyata ta goya ni da shi ne," ta ce. "Shi ne ɗinki na ƙarshe da ta yi. Bara ta rasu."

Na yi mata ta'aziyya, na ce rigar tana da kyau. Da baki na faɗa. A idona kuwa, abin da na gani shi ne irin abin da a gidanmu da tuni an sauke tukunya da shi. Ta ce rigar ta daɗe a akwati, tana son ta sha iska kafin gobe, don da ita za ta buɗe darasi. Ta rataye ta a igiyar da muke shanya yadi a cikin ataliye. Nan mota ta zo, muka fita gaisuwar hukuma.

Duk wanda ya taɓa raka baƙo biro-biro ya san yadda abin yake. Ka zauna a banci ka jira, a ce shugaba yana taro, a shigar da kai a yi gaisuwa, a ɗauki hoto, ka wuce na gaba. Haka muka wuni. Sai bayan la'asar muka dawo fuwaye.

Tun daga ƙofa na ji warin sabulu. An wanke daɓe, an goge kekunan ɗinki suna ƙyalli, an jera kujeru don bikin buɗewa na washegari. Igiyar shanya kuwa babu komai a kanta, har an naɗe ta an rataye a ƙusa.

Na bar Madam a bakin ƙofa na nufi direkta, yana tsaye yana nuna inda za a ɗaura ƙyallen maraba.

"Mushe Direkta, ina rigar da aka rataye a nan?"

"Wace riga?"

"Shuɗiya, mai maho da yawa."

"Au, wannan tsumman? Ni na ce a cire shi. Hajiya, gobe manya za su shigo ɗakin nan, ga baƙuwa daga waje, a tarar da wannan a rataye? Ai sai a ce abin da muke koyarwa ke nan."

Na ce masa na baƙuwar ne, na gaya masa ko mene ne. Na ga fuskarsa ta sauya. Aka kira Baba Ari. Ya ce ai ɗalibai sun cusa shi cikin buhun ƙyallaye, shi kuma ya ba surukinsa Malam Habu, wanda ke zuwa cin kasuwa duk Alhamis daga wani ƙauye a yankin Dakusa. Tun bayan azahar ya hau motar kasuwa. Baba Ari ya kira wayarsa a gabanmu, a kashe. Ya ce ƙauyen ba wuta, in caji ya ƙare sai wata kasuwar.

Direkta ya rage murya, da Hausa, ya ce, "Ki ce mata an adana ta a almuwar an kulle, mai makulli ya tafi gida. Kafin gobe mu san abin yi."

Na juya, sai na ga ta riga ta shigo, tana tsaye daidai inda igiyar take da safe. Ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskokinmu. Ta dube ni ta ce, "Tana ina?"

Ƙaryar da aka ba ni ta ƙi fitowa. Na ce mata an yi kuskure, an ɗauka tsumma ne, an bayar. To kalmar tsumma ta Faransanci ba ta san ta ba. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta girgiza kai, ta ce ba ta gane ba, in yi mata bayani. Na nemi wata kalma na rasa. Ƙarshe dai, a gaban direkta da gardi da ɗaliban da suka rage, na miƙa hannu na ɗauki ƙyallen da muke goge man keke da shi, baƙi ƙirin da maiƙo, na goga a jikin keken ɗinki don ta gani.

Ta gane.

Na yi shekaru ina aiki, an yi mini faɗa a gaban jama'a, na taɓa ɓata yadin amarya ana gobe biki. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na wannan lokaci ba. Ji na yi kamar an zare mini ɗankwali a tsakiyar kasuwa.

Ta zauna a banci, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Can ta miƙe, ta rusuna mana irin gaisuwarsu, ta ce mu yi haƙuri, ita ce ta rataye ta inda bai kamata ba. Wallahi da zagi ta yi mana da ya fi mini sauƙi.

Na so mu kama hanya a lokacin, amma motar da aka ba mu ta koma, shofer ya tashi daga aiki, kuma hanyar ƙauyen ba a binta da duhu. Direkta ya ce sai an gama biki an sauko daga Juma'a. Ya juya ga Baba Ari ya ce, "In ba a samo rigar nan ba, ka ajiye mini makullai." Dattijon ya san ba shi ya ba da umarni ba, mu ma mun sani, amma ba wanda ya buɗe baki.

Washegari aka yi biki. Manya suka zo, aka yi jawabai a kan darajar sana'ar hannu da riƙon gadon iyaye, ni kuma ina tsaye kusa da ita ina mayar mata da kowace kalma. Da aka zo ƙarshe sai direkta ya fito da wani ƙunshi da ban san da shi ba. Ashe da sassafe ya je Zango wurin wani ɗan kasuwa Bakano, ya sayo ɗinkakkiyar shadda mai tsada, shuɗiya mai walƙiya, an cika wuyanta da aikin keke. Ya miƙa mata a gaban kowa, aka yi tafi. Ya raɗa mini, "Ki gaya mata wannan a madadin waccan ne, ta ma fi ta."

Wannan kam ban fassara ba. Na ce mata kyauta ce daga fuwaye. Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna, ta yi godiya. Ban yi zaton direkta ya yi da mugun nufi ba. Iya abin da ya san ana yi ke nan in an ɓata wa mutum tufa.

Bayan Juma'a muka tashi, ni da ita da Baba Ari da shofer. Muka bar kwalta muka shiga yashi, gonaki hagu da dama an karya gero, dammuna jingine ana jiran kwasa. Baba Ari ke nuna hanya.

Mun tarar da matar Malam Habu, Inna Gambo, tana sussuka a tsakar gida. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa aka tambayi mutanen Damagaram. Baba Ari ya kasa shiga maganar, sai ni na ce, "Inna, buhun ƙyallayen jiya muka biyo. Akwai wata riga a ciki da aka sa bisa kuskure."

"Shuɗiyar nan mai kauri?" ta ce. "Ai ƴata, ban taɓa ganin tsumma mai ƙarfi irin wannan ba. Sai da na wasa wuƙa kafin ya yanku."

Madam tana kallon bakina, tana jiran fassara.

Inna Gambo ta shiga ɗaki ta fito da gaban rigar da hannuwan rigar biyu, a ninke. Ta ce waɗannan ta ajiye ne za ta haɗa wa maigida ƴar shara ta zuwa gona. Bayan rigar kuwa yana jikin jaki. Jakin nasu ya yi miki a gadon baya, ga gero a gona, ba su da wani abin ɗauka, shi ne ta ninka shi ta sa a ƙarƙashin akumari.

Muka zauna jiran jaki. Ban san tsawon zaman ba, amma na san na ƙirga duk kajin gidan da ido don kada in dubi matar da ke gefena. Can sai ga Malam Habu ya shigo yana kora shi, dammuna sun rufe shi sai kunnuwa. Aka sauke kaya, aka kwance akumari, Baba Ari da kansa ya zaro yadin.

Yadin ya jiƙe sharkaf da gumin dabba, ga jini, ga baƙin man da aka shafa wa mikin. Da aka buɗe shi sai ga rami a tsakiya, faɗin tafin hannu biyu. Inna Gambo ta ce ita ta fafe wurin don kada ya danne ciwon. Daidai tsakanin kafaɗu ne.

Madam ta durƙusa a ƙasa, ta shimfiɗa yadin a cinyarta da duk ƙazantarsa. Ta bi bakin ramin da yatsa. Ta tambaya, a hankali, ina abin da aka cire.

Na tambayi Inna Gambo. Ta ce, "Da shi na hura wutar kunu da safe."

Wannan ma ni na fassara.

Sai a lokacin Baba Ari ya yi wa mutanen gidan bayanin ko rigar mece ce. Inna Gambo ta dafe baki da hannu biyu, ta zauna daɓas a kan turmi. "Wayyo ni. Na uwarta? Ku ce mata ban sani ba. Wallahi a buhun tsumma na same shi. Wa zai sa kayan uwarsa a buhun tsumma?" Ba da mu take ba, amma ni maganar ta sauka a kaina. Malam Habu ya cire hula, ya rasa inda zai sa idonsa.

Madam ta miƙe ta je wurin jakin, ta duba mikin. Ta ce in tambaya ko yadin ya yi amfani. Malam Habu ya ce, gaskiya yau bai durƙushe ba ko sau ɗaya, shekaranjiya kuwa da ƙyar ya kawo kaya gida. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce mu ba ta ɗan lokaci, ta zaga bayan rumbu ita kaɗai. Ba mu ji sautin komai ba. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta wanke fuska da ruwan da aka kawo mana, ta cire mayafin da take yafawa saboda rana, ta ninka, ta miƙa wa Malam Habu, ta nuna bayan jakin. Ya ƙi karɓa, ta ajiye a kan akumari. Inna Gambo ta kamo kaza ta ɗaure mata ƙafa, ta ce sai baƙuwa ta tafi da ita. Madam ta karɓa.

A hanyar dawowa, da muka hau kwalta, na tattara ƙarfin hali na ce, "Madam, ki yafe mana. A gidanmu aka yi miki wannan."

Ta ce, "Na san a nan in an ba mutum haƙuri cewa yake ba komai. Tun da na zo nake jin kalmar. Ni ba zan iya faɗinta yau ba, don akwai komai. Amma ba na fushi da kowa." Ta ƙara da cewa mahaifiyarta ma ta yi shekaru tana ɓoye rigar a ƙasan akwati, don a ƙasarsu ma an daɗe ana ganin irinta alamar talauci ce, gidaje da yawa sun ƙone nasu da hannunsu. Ban sani ba ko don ta rage mini nauyi ta faɗa. Bai ragu ba.

Na ɗauka za ta ce a mayar da ita Yamai. Amma ranar Litinin ta riga ni zuwa ataliye. Abu na farko, ta sa na raka ta biro, ta ce wa direkta ita ba za ta iya koyarwa ba a gidan da aka kori dattijo saboda ita. Direkta ya ce ai dama barazana ce kawai. Da ta fita sai ya tsayar da ni, ya ce, "Hajiya, da kin gaya mini tun da safe ko mece ce, da ba a yi haka ba." Na buɗe baki in kare kaina, na ga gaskiya ya faɗa, na rufe.

Ta ajiye tsarin darasin da ta zo da shi, ta ce da rigar za mu koya. Ranar ma famfo bai kawo ruwa ba, sai garuwa muka saya. Ta wanke guntayen da hannunta, ruwa bayan ruwa, ba dirza ba matsa, ta shanya a inuwa. Tabon man bai fita duka ba, ta ce a bar shi. Da suka bushe ta shimfiɗa su a tabur, ta nuna wa ɗalibai yadda ake tara yadi a kan doguwar allura a ja zare sau ɗaya, yadda ba a ƙulli sai dai a koma da baya a ɓoye bakin zare, yadda ɗinkin da ke sama yake ɗan fin na ƙasa tsawo. Matan nan da aka saba jin hirarsu har titi, makon nan ko tari a hankali suke yi. Su ne suka cusa rigar a buhu, kowacce ta san da haka.

Da aka haɗa gaba da baya da hannuwa, saura ramin. Ta ce tana son ƙyallen da aka rina da baba a nan ƙasar. Malamar rini ta kawo mafi kyau cikin aikinmu. Madam ta shinshina, ta jiƙa gefe ta murza, ta mayar cikin ladabi. Ta ce yana da kyau, amma ba shi take nufi ba. Gaskiyarta. Sashenmu na rini garin rini na kanti muke saya, mu zuba soda, kafin azahar an shanya. A gidan da aka rubuta rini a ƙofarsa, a garin da a da ake jin ƙarar bugun yadi daga unguwa zuwa unguwa, ba mu da ko faɗin tafin hannu na rinin baba. Na aika kasuwa, aka zagaya, duk wanda aka kawo na kanti ne.

Sai na tuna da goggona a cikin Birni, yayar mahaifina. Na je na same ta a ɗaki, na ce, "Goggo, baƙin zanen nan naki na aure yana nan?"

"Yana ƙasan kwalla. Me za ki yi da shi?"

"Maho nake so a yi wa wata baƙuwa."

"Tun daga ina?"

"Japan."

Ta dube ni ta yi dariya. "Duk ƙasarsu ba ƙyalle, sai ta zo Damagaram neman maho?"

Na zauna na ba ta labari tun daga farko. Ba ta sake yin dariya ba. Ta sa na sauke kwalla, ta fito da zanen, saƙi ne na hannu, har yanzu yana warin shuni. Ta ce a karofin bayan gidansu aka rina shi, inda yanzu ake zubar da shara. Na ɗauko almakashi, ta buge mini hannu, ta ce ba ni zan yanka mata zane ba. Ta kama da haƙori ta tsaga da kanta. "Ki ce mata Allah ya jiƙan iyaye."

Da na kai wa Madam, ta shinshina, ta rufe ido, ta ce shi ne. Sannan ta miƙo mini allura ta ce ni zan ɗinka.

Kada ku ɗauka karamci ne kawai. Na fi shekara ashirin a kan keke, hannuna ya manta allura. Na yi layi na farko, ta duba, ta ce in warware. Na sake, ta ce na ja zare da ƙarfi, yadin ya tattare, in warware. A gaban ɗalibaina, ni da nake sa su warwara. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sassauta ba. Ta ce mahon da zai zauna a wannan wuri sai ya iya ɗaukar shekarun da na da ya ɗauka. Kwanaki na yi a kan abin da bai fi tafin hannu biyu ba, yatsana ya huje, kafin ta juya rigar ta duba ciki, ta ajiye ba ta ce komai ba. Ɗalibai suka ce mini wannan shi ne yabonta.

Sauran lokacin ta haɗa mana tukunyar baba a cikin duro, da ganyen da Malam Habu ya aiko daga ƙauye ba a roƙe shi ba, da ruwan toka da dusa. Ta koya mana jira, da juyawa safe da yamma, da gane lafiyar tukunya daga wari da kumfa. Baba Ari ne ya riƙa kula da duron ranakun hutu. Har ta tafi bai iya haɗa ido da ita ba, sai dai kullum ta tarar an share mata wurin zamanta an ajiye ruwa mai sanyi.

Ranar tafiyarta an taru a tsakar fuwaye, da direkta da wakilin hukuma. Ana zafi sosai, amma ta fito sanye da rigar a kan kayanta. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana rusunawa, har Baba Ari, wanda ta fi daɗewa a gabansa. Da ta juya za ta shiga mota, muka ga bayanta, ga tabon mai, ga baƙin zanen goggo a tsakanin kafaɗu. Ba wanda ya yi tafi. Wasu ɗalibai suka ja mayafi suka rufe fuska.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya yi mini tsada. Mu masu wannan sana'a an horar da idonmu ya ga sabo. Muna taɓa yadi mu faɗi kuɗinsa, mu san na Kano da na waje, amma in tufa ta tsufa sai mu daina ganinta, alhali a lokacin ne ta fi cika da mutane. Mutanen kirki ne duk suka taru suka lalata rigar nan: mai son gida ya yi tsabta, masu bin umarni, mai kyauta ga suruki, mai tausayin jaki, da ni da aka gaya wa komai na ji da kunne kawai. Ba mugu ko ɗaya a cikinmu, kuma abin da aka ƙone bai dawo ba. Saboda haka in mace ta shigo muku da tsohon zane a leda tana jin nauyin fito da shi, kada ku fara da almakashi, kada kuma ku ce mata ta sayi sabo. Ku ba ta wurin zama, ku tambaye ta na wane ne.